Shekarun da na yi ina gyaran jirgin sama ba ni da ikon sa hannu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma sai in fara in bari, abin da ya tunzura ni yanzu shi ne yawan ƙannenmu da ke tsare ni da tambaya, ta ina ake bi a zama injiniyan jirgin sama, kuma na lura kusan dukkansu sun ɗauka da zarar ka gama makaranta an ba ka takarda shikenan ka zama. Ba haka abin yake ba wallahi. Tsakanin ranar da ka gama karatu da ranar da za a yarda ka sa hannu jirgi ya tashi da mutane akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tsakanin ne da yawa cikin abokan karatuna suka haƙura suka kama wata sana'ar.

Ni haifaffen Kano ne, mahaifina, Allah ya jiƙansa, bakanike ne a wajen Ƙofar Ruwa, Fijo ya fi gyarawa. Tun ina firamare in an tashi gareji nake wucewa, ni ne mai wanke noti da fetur, ni ne mai miƙo sifana. Akwai wata ɗabi'a tasa da a lokacin haushi take ba ni, in magariba ta yi ba mai tafiya gida sai an jera kayan aiki an ƙirga, in sifana ɗaya ta ɓata to ko za a kai isha'i sai an nemo ta. Sai da na shiga hanga, wato rumfar da ake gyaran jirage, daga baya na ga ashe doka ce babba a wajen masu gyaran jirgi, kowane kayan aiki da gurbinsa a akwati, in gurbi ɗaya ya zama babu komai jirgin ba ya zuwa ko'ina sai an gano inda abin ya shiga.

Ranar Asabar 4 ga Mayu 2002 jirgi ya faɗo a Gwammaja jim kaɗan bayan ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Legas, mutum sama da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni na lokacin. Ina ƙaramar sakandare, mun ga hayaƙi daga gareji, muka bi mutane da gudu har inda aka tare hanya. Ba zan bayyana abin da na gani ba. Abin da dai ya zauna min a rai shi ne tambayar da na yi wa Baba da daddare, na ce Baba su jirage wa yake gyara su? Ya ce akwai masu yi, irinmu ne, sai dai su nasu ba a faka shi a gefen titi in ya ba da matsala. Daga ranar na san inda na dosa.

Na gama sakandaren kimiyya, na ɗan yi shekaru ina taya Baba saboda babu halin ci gaba, daga baya Allah ya sa na samu gurbi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Kuɗin ba na ɗan bakanike ba ne. Baba yana da wani fili guda ɗaya da ya saya tun kafin a haife ni da niyyar ya gina mu bar gidan haya, shi ya sayar. Umma ba ta ce komai ba amma na ga idonta. Har yau in na tuna wannan filin sai in ji wani abu ya tsaya min a ƙirji, dan har ya koma ga Allah bai bar gidan haya ba.

Karatu a Zariya ya yi min daɗi duk da wuya, lissafi, fiziks, lantarki, ƙarafa da yadda suke gajiya su tsage, injin fistan, injin tabain, dokokin sufurin sama, komai da Turanci kuma irin Turancin littafin gyara wanda kalma ɗaya in ka karanta ba daidai ba ka yi ɓarna. Abin da ya fi burge ni shi ne wayar kulle. Wata siririyar waya ce da ake zira ta a kan kusar da aka ɗaure, a murɗa ta da filaya ta musamman, a ɗaure ta jikin wata kusar ta yadda in kusar ta nemi kwancewa saboda girgiza sai wayar ta ƙara ja ta wajen ɗauri. In ka zira ta ta ɓangaren da ba shi ba to ka taimaka mata ta kwance ne. Malaminmu da yatsa yake taɓa ta kawai, in bai ji ta yi tsam ba sai ya sa filaya ya datse ya ce sake, ko kallonka ba zai yi ba. Hannuna duk ya sha yanka amma na iya.

To a nan ne nake son ƙannena su buɗe kunne. Takardar makaranta daban, lasin daban. Lasin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ce ke bayarwa, wato NCAA, kuma ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta ce sai mutum ya yi shekara 4 yana aiki a jikin jirgi, ko shekara 2 in ya yi kwas ɗin da aka amince da shi. Kuma ba da baki za ka ce ka yi ba, akwai logbuk, duk aikin da ka yi sai ka rubuta kwanan wata, lambar jirgi, abin da aka yi, sannan injiniya mai lasin da ya tsaya a kanka ya sa hannu. In babu wannan sa hannun, ko shekara goma ka yi kana kwana ƙarƙashin fiffike, a wajen hukuma ba ka yi komai ba.

Na tafi Legas dan a can jiragen suke. Na sauka Agege wajen wani ɗan garinmu mai sayar da kayan gwari, a shagonsa nake kwana, da safe in ɗauki fayil in bi ofisoshi a Ikeja. Kowa sai ya ce muna neman mai ƙwarewa, ni kuma in ce a raina to a ina zan samo ƙwarewar in ba ku bari na taɓa jirgin ba? Da ƙyar da taimakon wani bawan Allah wani kamfani ya ɗauke ni a matsayin mai koyo, kuɗin mota kawai suke ba ni, na karɓa da hannu biyu.

Aikin dare ne mafi yawa saboda da rana jirage na sama. Boeing 737 ne irin tsohon samfurin nan mai injin CFM56. Mu ne canja taya, canja birki, ƙara man haidirolik wanda in ya taɓa maka ido sai ka manta sunanka, shiga ramin taya da tocila kana neman yoyo, wanke fankar inji in tsuntsu ya faɗa. Na yi aiki da zuciya ɗaya. Amma akwai abin da ke ci min rai a hankali, ni zan kwana ina yin aikin, da asuba wani ya zo da kofin shayinsa ya duba, ya buga sitam ya sa hannu, kuma a takarda shi ne ya yi. Da yawansu 'yan ƙasar waje ne da ake biya da dala. Ba na jin haushinsu, dan sun sha tasu wahalar kafin su kai nan kuma wasunsu sun koya min abubuwa da yawa, amma dai mutum yana son a san da shi. In matuƙi ya zo da safe mai lasin yake gaisarwa ya tambayi lafiyar jirgi, ni da ke tsaye da baƙin mai har gwiwar hannu ko a jikinsa.

Sai 2016 ta zo, naira ta faɗi, dala ta yi wuya, kayan gyaran jirgi kuwa duk da dala ake sayensu. Kamfanin ya fara jinkirin albashi, jirage suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ana cire kayan wannan a sa wa wancan, wata rana kawai muka zo aka ce a je gida za a neme mu. Ba a neme mu ba har yau. Abin da ya fi karya ni ba kuɗin ba ne. Ogan da nake aiki a ƙarƙashinsa kullum in na kawo logbuk sai ya ce ajiye, ƙarshen wata zan sa maka hannu gaba ɗaya, ƙarshen wata ya zo ya ce wata mai zuwa, da abin ya rushe ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Na buɗe littafin nan a tashar mota ina kallon shafuka cike da rubutuna, layin sa hannu fari fat. Na yi kuka a cikin motar Kano, babban mutum da ni, na rufe fuska da hula.

Dawowa gida ta fi komai ciwo. Unguwa kowa ya san an sayar da fili an kai ni karatun jirgi, ga ni na dawo da jaka ɗaya. Ba mai faɗa maka a fuska, sai dai ka ji ana cewa injiniya ya ya jirage? Ka san me ake nufi. Maganar aure da aka fara ta watse, iyayen yarinyar suka ce ba za su iya jira ba, kuma ban ga laifinsu ba. A wannan lokacin ne Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai na koma gareji na riƙe masa dan a samu na asibiti da na cefane. Da rana ina ƙarƙashin mota, da dare ina juya shi ina goge masa jiki.

Na yanke shawarar barin maganar jirgi gaba ɗaya, har na faɗa masa. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar take fita, sai na sunkuya na kai kunne. Ya ce filin nan ba dan ka dawo gareji na sayar ba. Na ce Baba wa zai kula da ku? Ya ce Allah. Ya ce ka koma, ko ban gani ba ka koma. Bai gani ɗin ba kuwa, bayan wasu watanni Allah ya karɓi abinsa. Allah ya kai haske kabarinsa.

Bayan sadakar arba'in Umma ta kira ni ɗaki ta ce ka ji abin da mahaifinka ya ce, ƙaninka zai riƙe gareji, tashi ka tafi. Na sake komawa ba tare da na san inda zan dosa ba. Wanda Allah ya sa ya zama sanadi wani dattijon injiniya ne, Malam nake ce masa, da ya yi aiki da kamfanin jiragen sama na gwamnati, Nigeria Airways, tun kafin a rushe shi a 2003, mun taɓa haɗuwa a masallacin filin jirgi ya karɓi lambata. Shi ya yi min hanya a wani ƙaramin kamfani inda yake duba ingancin aiki. Ranar farko ya ce kawo logbuk ɗinka, ya juya shafukan nan marasa sa hannu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce yaro waɗannan sun tafi, ba zan sa hannu a aikin da ban gani ba, amma daga yau ba za ka bar hanga ba sai an sa maka hannu a aikin ranar, ko ni ne na ce maka gobe kada ka yarda. Na so ya tausaya min ya cike min su, na ji zafin ƙin da ya yi sosai, amma daga wannan ƙin na fara gane mene ne sa hannu.

Shi ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin jirgin alhazai na 1991. Ranar 11 ga Yuli jirgin DC-8 da aka yi haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato, mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Bincike ya nuna tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, an ma lura da hakan kafin tashi, an nemi naitrojin, iskar da ake ɗura wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba, ba a son a makara, aka saki jirgin. Taya ta fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Malam ya ce min duk wanda ya rasa uwa ko uba a wannan jirgin bai san sunan wanda ya sa hannu ba, amma Allah ya sani. Ya ce lasin da kake nema ba ado ba ne, amana ce za a rataya maka.

Na sake tara ƙwarewa daga farko. Ina aikin dare, in dawo in yi barci kaɗan in tashi in kama littafi. Na zauna jarrabawar rubutu, sannan ta baki, inda za a zaunar da kai a yi ta jefo maka tambaya, in kaza ta faru me za ka yi, a wane babi na littafi za ka duba, wa ke da ikon ɗage gyara zuwa wani lokaci. Malam ya riga ya gaya min ba mai neman ka haddace komai, so ake a ga ka san inda za ka duba kuma ba za ka yi ƙarya ba in ba ka sani ba. Ranar da na karɓi lasin ɗina na ɓangaren gangar jiki da inji na fita waje na kira Umma, na ce Umma an ba ni, ta yi ta hamdala tana kuka, ni kuma na kasa cewa komai saboda wanda na fi so ya ji ba ya nan.

Za ka ce an gama ko? Saura. Lasin da babu samfurin jirgi a kansa ba ya ba ka ikon sakin jirgin fasinja, sai ka yi kwas na wannan samfurin takamaimai, aji da kuma aiki a jikinsa, a rubuta maka shi a lasin, bayan nan kuma kamfanin da kake wa aiki ya tantance ka ya ba ka nasa izinin da sitam mai lambarka. Kwas ɗin da dala ake biya, kamfani kuma ya fi son ya tura wanda ya daɗe. Ina cikin tara kuɗi ta hanyar adashi sai korona ta zo a 2020, aka rufe filayen jirgi a ƙarshen Maris, jiragen cikin gida ba su dawo ba sai Yuli. Aka rage mana albashi, abin da na tara na cinye. Amma mu ba mu zauna ba, dan jirgin da ke ajiye ma yana son kulawa, a rufe bakin inji da ƙananan bututun auna gudu kada ƙwari su yi gida, a riƙa motsa tayoyi, a tayar da inji lokaci lokaci. Filin jirgi shiru kamar maƙabarta, mu kaɗai da tsuntsaye. Bayan an buɗe na sake tarawa, wani yayan Umma ya ranta min ragowar, na je Addis Ababa na yi kwas ɗin na dawo.

Sa hannuna na farko a kan ƙaramin aiki ne, duban da ake yi kafin tashin safe, amma sai da na zagaya jirgin nan na sake zagayawa, na tsaya a bakin hanga har ya ɓace a sama, ban iya karyawa ba sai da aka ce ya sauka lafiya.

Ranar da na san an yarda da ni kuwa daban ce. Lokacin hunturu ne, da asuba, hazo ya rufe ko'ina, jirgi ya kwana tayoyi sun huce, dama a sanyinsu ake auna su. Tayar 737 wajen 200 take ɗauka a ma'auni, na sa geji, wato abin auna iskar taya, a ɗaya daga cikin na baya sai na ga ta yi ƙasa sosai, na canja geji na sake, haka dai. Da ido ba za ka taɓa ganewa ba dan 'yar uwarta da ke gefe ta ɗauke mata nauyi. Littafi ya ce in ta sauka ƙasa da wani mataki ba ƙara iska za ka yi ba, cire ta za ka yi, har da ta gefen saboda ita ma ta wahala. Fasinja sun riga sun taru, cikinsu akwai manyan mutane. Manajan tasha ya zo da gudu, injiniya dan Allah ka ƙara mata iska mu tafi, in ya dawo da yamma sai ka canja. Na ce ranka ya daɗe ba zan sa hannu ba. Aka kira ni a waya daga sama, aka yi lallashi, aka ɗaga murya, aka tuna min ban daɗe da samun sitam ba. Gabana yana faɗuwa wallahi, ina tuna bashin da ke kaina da matar da na aura ba da daɗewa ba, amma bakina abu ɗaya yake maimaitawa, a kawo jak da tayoyi biyu.

Kyaftin ɗin, wato babban matuƙin jirgin, ya sauko, dattijo ne, ya ce mu ga gejin. Na nuna masa, na buɗe masa shafin littafin. Ya juya ya ce wa manaja in injiniya bai sa hannu ba ni ma ba inda za ni, a gaya wa fasinja za a yi jinkiri. Muka ɗaga jirgi muka canja, muka ɗaure da abin auna ƙarfin ɗauri daidai yadda aka rubuta, na sa hannu suka tafi. Da aka kai tayar shago aka samu yoyo a bakin bawul. Tun daga ranar in wannan kyaftin ya zo ni yake fara nema, injiniya ya jirginmu yau? In na ce lafiya ba ya ƙara tambaya.

Yanzu alhamdulillah na biya bashin, na kama wa Umma gida mai ɗan sarari duk da har yanzu haya ne, ina kan neman fili. Malam ya yi ritaya ya koma garinsu, muna waya. Akwai yara uku masu koyo a ƙarƙashina, ɗaya mace ce kuma ta fi mazan iya wayar kulle, kowace safiya kafin mu tashi daga aiki sai sun jero da logbuk ɗinsu na duba na sa hannu a abin da na gani da idona, wanda ban gani ba in ce su je wajen wanda ya gani. Kamfanoni suna ta komawa sababbin samfuran jirage, tsofaffin da na saba da su suna ƙarewa, dan haka na sake shiga adashi saboda kwas na gaba, in Allah ya yarda baɗi nake son tafiya. Ku sa ni a addu'a, ku sa mahaifina.